Gadar Kawu Wiebe

A gyara tsayuwa, a cire hula! Ga Wiebe Hoekstra na garin Leeuwarden, sarkin zare da danƙo, dodon kwamfuta, mai dariya sau ɗaya a shekara. Kawuna ne, shi ya sa nake masa kirari kyauta.

Aikinsa shi ne sa kwamfuta ta nuna daidai inda abu zai fara tsagewa. Bana gadar kekuna aka ba shi, ta zaren gilashi da danƙo, wadda 'yan firamare za su riƙa hayewa. Lambobin ƙarfin da ya fara sakawa na busasshen zare ne, allo ya yi shuɗi, alamar lafiya lau, kowa ya tafa. Daga baya ya tuna cikin damshi gadar za ta ƙare rayuwarta. Da ya saka na jiƙaƙƙe, sai gindinta ya yi jawur a allon, alamar shimfiɗun zaren za su fara rabuwa daga ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Ga shi an riga an ƙera ta, har an sa ranar buɗewa. Maigidansa ya ce, "Wiebe, kada ka tono mana aiki. Mayar da na farkon, ka sa hannu." Kawu ya yi ta juya biro har ya rame, ƙarshe ya ƙi.

Da na ji, na faɗa kicin ɗinsa ina ihu: "Namijin duniya! Sai na kafa gunkinka a bakin gadar nan!"

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce:

"Ba gada. Daga Litinin ba aikin ma. Miƙo min madara."