Tirela Mai Batir da Ƙirjin Yayana

Yayana ya fara tuƙin tirela tun ina firamare. Daga tashar jiragen ruwa ta Lome yake ɗaukar kaya ya nufi arewa, wani lokacin har Yamai. In ya dawo gidanmu na Zongo, warin gazuwal, wato man dizal, ke riga shi shigowa, sai kuma tarinsa. Mun saba da tarin har mun daina jinsa. Shi kuwa cewa yake hayaƙi ne kawai, shayi mai citta zai wanke shi.

Ni na kawo masa labarin motocin lantarki. A ofishin da nake buga takardu a Adakpamé na ga sanarwar wani kamfani da ya shigo da 'yan tireloli na gwaji, yana neman gogaggun direbobi. Da na fassara masa daga Faransanci, dariya ya yi. Ya ce wa zai wuni a bakin hanya da kwantena a baya yana jiran mota ta sha wuta? Na ce ba jira ake yi ba, kamar baburan 'yan zemijan ne, masu haya da babur da yake gani a unguwa, a cire batirin da ya ƙare a sa cikakke, mutum ya wuce. Sai ya tambaye ni ko da gaske ba ta hayaƙi.

Na cika masa takardun, na raka shi ranar gwaji, a wani fili wajen Baguida. Ina tsaye na ga ƙugiya ta ɗaga batir daga bayan kan motar, ya kai rabin ɗakin innarmu, ta ajiye shi ta sa wani. Kafin in gama mamaki an gama. Yaya ya hau, ya zaga filin sau biyu, ya yi baya da ita tsakanin ganguna bai taɓa ko ɗaya ba. Da ya sauko idonsa ya kawo ruwa.

"Auta," ya ce, "har ƙarar taya a kan tsakuwa na ji. Duk shekarun nan ban san tana da ƙara ba."

Abin da ya rage shi ne duba lafiya. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya kira ni ciki saboda Faransancin Yaya na kan hanya ne, bai wuce gaisuwa da 'yan duwan, wato 'yan kwastan, ba. Ya nuna mini hoton, ya ce huhun ya lalace ƙwarai, ba abin da zai dawo da shi, kuma doguwar tafiya ta ƙare masa a kowace irin mota. Na juya na ce wa Yaya likita ya ce ya ɗan huta.

Yaya ya dube ni. "Ya daɗe yana magana, Auta. Faɗa mini duka."

Na faɗa masa.

Kamfanin bai ɗauke shi ba. Shi da bakinsa ya ba abokansa labarin a ƙofar masallaci, don bai iya ɓoye abu ba, kafin mako ya zagayo maganar ta kai ga mai tsohuwar motarsa, aka ba wani makullin. Yanzu daga ɗakinsa zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango.

Matarsa ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya dai, muna tsince shinkafa, ta ce da takardar nan ba ta shigo gidan ba, da yana kan hanya har yau. Na san ciwon ya riga takardar, ita ma ta sani. Na ci gaba da tsince shinkafar.

Tirelolin batir, in ji direbobi, iyakarsu inda aka gina wuraren canji, hanyar arewa har yanzu ta gazuwal ce. Ranar Juma'a abokansa kan zo duba shi, biyu a cikinsu ƙirjinsu na kuka in sun yi dariya. Na roƙe su su je a duba su. Babbansu ya ce sun ga yadda ta ƙare da wanda ya je, su kuma suna da iyali. Har yau ba wanda ya je.