Ƙafar da Yaya Zumreta Ta Auna Mini

Kowace safiya Yaya Zumreta takan riga kowa isa ɗakin haɗa ƙafar roba da ke bayan asibiti a Tuzla, a ƙasarmu Bosniya. Sai ta ɗora gahawa, ta kunna kwamfuta, ta goge tabaronta da bakin gyale, ta ce a shigo da na farko. Na'ura ce ke ɗaukar siffar dungun ƙafar mutum ta kowane gefe. Zumreta kuma ta ɗora wannan siffa a kan siffar kofin ƙafar roba da dungun zai zauna a ciki, ta auna yadda suka yi kama.

Kwamfuta takan ce sun dace kusan ɗari bisa ɗari. Zumreta ba ta tsayawa nan. Tana juya hoton har ta gano inda siffofin biyu suka fi saɓawa, wurin da ke fitowa ja a allo, wani lokaci bai fi ƙwayar wake ba. Takan ce nan ne mutum zai taka, nan kuma zai yi gyambo.

Ni nakiya ce ta ɗauke mini ƙafar hagu a gonar mahaifina bayan yaƙi. Dungu ba ya zama yadda yake, yau ya rame, gobe ya kumbura, shi ya sa shekara da shekaru ina hannun Zumreta. Bara 'yata Senada za ta yi aure, ta kafe ba za ta shiga kolo, rawarmu ta da'ira, ba sai hannunta na cikin nawa. Rabona da rawa tun ina da ƙafa biyu. Da sabon kofi ya iso na saka, na ce ya yi.

Zumreta ta nuna mini allo. "Refik, ga ja nan a bayan gwiwa. Da tafiya ba za ka ji ba, amma kana fara tsalle sai jini. Taka mini rawar in gani."

"Yaya, a nan? Gaban mutane?"

"Wa zai kalle ka? Kowa a nan ƙafarsa yake nema."

Na taka, masu jira suna tafa mini da sanduna, ita tana durƙushe tana kallon inda nauyina ke sauka. Ta sake aunawa, ta mayar da kofin aka gyara, ta sake mayarwa, har na fara jin haushinta. Ranar bikin na yi rawa sai da rigata ta jiƙe sharkaf. Senada tana kuka, ƙafata kuwa ko ɗigon jini babu.

Yanzu idanunta sun gaji, ta ajiye aiki, ta koma wurin ɗanta a Sweden. Wallahi ina kewarta. Ke ce mai idon da ba ya gaggawa, Yaya. Ke ce kika durƙusa gaban ƙafafun da mu masu su ma ba ma son kallo. Na gode, Senada ma ta gode. Ku da kuka gaji kujerarta, in kwamfuta ta ce ya yi, ku sa mutum ya taka muku abin da yake marmarin takawa.

Kofin nan shi ne na ƙarshe da kika yi mini, ga shi ya fara yi mini yawa. Na san ya kamata in je a canja shi. Har yanzu dai safa nake ƙarawa.