Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya yi katin ɗan ƙasa a Yamai a zamanin soja, da wuya in bai zauna a bencin Isaka mai hoto ba. Yana kafa akwatinsa mai ƙafa uku a gindin dogon yaro, daf da kumsariya, wato ofishin 'yan sanda, ya rataya baƙin ƙyalle a bango, ya ce maka, "Ɗaga haɓa, kar ka yi dariya, gwamnati ba shi son dariya." Sai ya cusa hannu cikin akwatin ya yi ta lalube kamar mai neman ƙwai a akurki, can sai ga fuskarka a jiƙe a takarda. Shi da ya fitar da fuskokin rabin gari, ba shi da kati ko ɗaya mai ɗauke da tasa.

Gida ɗaya muka yi haya da su a Zongo. Ni malamar makaranta ce daga Maraɗi, kowa Madam yake ce mini. Shi kuma yana zaune da matarsa Zeinabou, da 'yarsu Jamila, da tsohuwarsa da muke kira Inna. Nakan tsokane shi kan Hausarsa ta Gana, wadda ba ta raba mace da namiji, in ce, "Isaka, yau ma matarka ya tafi kasuwa?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutum ne mai sanyin hali, sanyin da wani lokaci yake ba ni haushi.

A Kumasi aka haife shi. Ubansa mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a arewacin Tawa, ya bi fataucin goro ya tafi da amaryarsa, bai sake komowa ba, can ƙasa ta rufe shi. Shekarar da Gana ta kori baƙi aka ce wa Isaka ya koma ƙasarsu. Ya ɗauko uwarsa da akwatin hoto ya zo ƙasar da bai taɓa gani ba. Da ya iso, sai aka sa masa suna ɗan Gana. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shi wannan bawan Allah ba shi ya bar gidan ba, a hanya ya tsinci kansa.

Ba sakaci ya yi ba, na shaida. Ya nemi katin zama irin na baƙi, aka ce ya kawo fasfon ƙasarsa. Ya hau unguwar Plateau, ofishin jakadancin Gana, aka ce ai shi ɗan Nijar ne. Ya nemi a ba shi zama ɗan ƙasa irin wanda ake ba baƙon da ya daɗe, aka yi binciken halinsa, likita ya duba ƙirjinsa, takardu suka hau sama inda ake sa hannu, shiru kake ji. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, 'yan sandan da yake wa hoto suna kau da kai, don sun san shi.

Sai fari ya zo, na tamanin da huɗu. Mutanen karkara suka cika bakin gari da bukkokin tabarma, kasuwa ta cika da awakin da ba mai saye. Sojoji suka ce gari ya yi nauyi. Aka fara kwasar mutane a manyan motoci: ɗan ƙauye a mai da shi ƙauyensu, baƙo marar takarda a kai shi bakin iyaka. Kau da kai ya ƙare. Wani ɗan sanda mai suna Amadou ya ja Isaka gefe ya ce masa hanya ɗaya ta rage: ya je gaban alƙali da shaidu, a tabbatar ubansa haifaffen ƙasar nan ne, kuma shi ɗansa ne. In an yi haka, ba roƙo yake ba, haƙƙinsa ne.

Ina za a samu shaidu? Ƙauyen uban ya watse, ko kaza ba ta kwana a cikinsa. Isaka ya rufe akwati ya shiga bukkokin bakin gari ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar mutanen Adar. Allah ya haɗa shi da wani tsoho, Malam Sanusi, wanda yunwa ta mayar kamar kara, amma hankalinsa garau. Ya ce tare suka yi kiwo da uban, har ya kwatanta tabon da ke goshinsa. Isaka ya kawo shi gida, Zeinabou ta dama masa fura, ranar har guɗa na yi.

Na yi saurin guɗa. Malam Sanusi ya san uban, amma bai ga haihuwar ɗan ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya cewa wannan ɗan wancan ne, ita ce Inna. Isaka kuwa ɗan fari ne.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, ni ma uwata ba ta kiran sunan yayana. Amma irin ta Inna ban taɓa gani ba. Ba ta kallon fuskarsa. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye ta ce wa Jamila, "Kai ma wancan." In ya yi zazzaɓi takan wuni tana zagaya ƙofar ɗakinsa da tsintsiya, tana sharar wurin da ba datti, ba za ta shiga ba. A ƙasar mutane ta haife shi, ba uwa ba kaka da za ta karɓe shi, ta goya shi ita kaɗai, kuma kunyar nan ita ce kaɗai abin da ta fita da shi daga garinsu ta komo da shi bai taɓu ba.

Na raka su gidan shari'a. Malam Sanusi ya yi bayaninsa tsaf. Alƙalin, matashi ne, ya juyo ya ce, "Inna, wannan da ke tsaye, wane ne shi a wurinki?"

Ta ja mayafi ta juya wa ɗanta baya. Ta ce da Hausarta ta Adar, "Ɗan mutane na."

Alƙali ya ɗaga wa magatakarda hannu kada ya rubuta. Ya ce a hankali, "Inna, na san al'ada, tawa uwar ma haka take. Amma doka sai ta ji daga bakinki. Ki ce ɗanki ne, ki faɗi sunansa da na ubansa, shi ke nan."

Ɗakin cike yake da maza. Inna ta ce, "Ku tambayi mutane, kowa ya sani." Alƙali ya ɗage zaman zuwa wata mai zuwa.

A hanya na sauke mata kwandon faɗa, ban duba furfurarta ba. Na ce kunyar da za ta sa a jefa ɗanki a mota, wace irin kunya ce? Na juya kan Isaka na ce ya roƙe ta mana. Ya ce, "Madam, ni in ce ma Inna shi kira sunana? Da wane baki?" Su biyun duka na ji kamar in shaƙe su.

Ranar wata Alhamis da hantsi, ba makaranta, gida ba kowa, ina kwance a ɗaki sai na ji murya a bayan zana. Inna ce, tana tsince tsakuwa a jar dawar taimako, tana magana da faifai. Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa. Can na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Isaka. Isaka ɗana na. Ni na haihe shi." Ta sake maimaitawa, kamar ɗaliba mai hadda. Na toshe bakina da zane na yi kuka, ban bari ta san na ji ba.

Ba ta kai ranar komawa gidan shari'a ba. Gudawa ta shigo unguwa, ta tarar da Inna ta daɗe tana rage wa jikarta abincinta, kwana kaɗan ta tafi. Kafin a yi sadakar bakwai, motocin soja sun kwashe bukkokin bakin gari har da Malam Sanusi. Na je na gaya wa alƙali abin da kunnena ya ji. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shaidar "na ji ta ce" ba ta tsayawa, kuma na ga ba daɗin faɗin haka ya ji ba.

A gindin dogon yaron nan aka kama Isaka, yana tsakiyar yi wa wani hoton kati. Na kai masa abinci a farfajiyar kumsariya, inda aka tara su ana jiran mota. Bai yi zancen takarda ba, bai yi zancen alƙali ba. Ya matso bakin shingen waya ya ce, "Madam, da Inna ya faɗi sunan nan, yaya ya faɗe shi?"

Na buɗe baki in kwaikwaya masa, sai muryata ce ta fito, tawa ta kullum mai tsawa wa yara. Na sake gwadawa, bai yi ba. Ya ce, "Ba komai, na gode." Da la'asar motar ta haye gada ta nufi yamma, wajen ƙasar da ta riga ta kore shi sau ɗaya. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Jamila ta girma ta yi aure. Da ta haifi ɗanta na fari, namiji, aka mayar masa da sunan kakansa. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan uba, don haka ba ta taɓa kiransa ba, Zeinabou ma ba ta kiran sunan miji. Baba suke ce masa. In na je gidan, ni kaɗai ce nake tsayawa a tsakar gida in ƙwala masa kira da sunansa, su kuwa sai su sunkuyar da kai.