Nomau Mai Waya, Wanda Tsufa Ya Riga Fansiyo

Haihuwarsa

An haifi Nomau a garin Dogo, ƙasar Damagaram, cikin daminar shekarar 1898. Sunan mahaifinsa Suma'ila, manomi, mahaifiyarsa kuwa Gana, Babarbariya. An ruwaito cewa a daren haihuwarsa an ji wani amo kamar na taron zuma yana fitowa daga wani rumbu wanda ba kome a cikinsa, da gari ya waye aka leƙa ba a ga ko ƙuda ba. Malamai sun saɓa kan fassararsa, daga bisani aka bar maganar.

Ƙuruciya da aure

Ya yi karatun allo har izu biyar. Yunwar 1914 ta kore shi zuwa Birnin Zinder, inda ya yi dako da jakai. A 1920 ya auri Fatsuma, 'yar wani majemi, shekara ta zagayo aka haifa masa Zakari. Allah Ya yi shi ɗan tsurut, gemu kuma bai taɓa tsiro masa ba.

Kama aiki

A 1932 aka nemi samari masu hawan turakun wayar tangaraho tsakanin Zinder da Takieta. Baturen da ke ɗauka ya dubi haƙoransa da haɓarsa, ya yanke masa shekara ashirin da biyu, alhali yana da talatin da huɗu. Nomau ya koma gida ya yanka zakara don murna. A zamanin nan ba wanda ya san mutum zai zauna gida a biya shi. Abin da aka sani rumbu da 'ya'ya su ke riƙe tsoho.

Zuwan fansiyo

A 1952 aka sanar da ma'aikata cewa za a riƙa yanke wani abu cikin albashi, wanda ya cika shekara hamsin da biyar yana aiki sai a sallame shi, a ciyar da shi har mutuwa. Wannan shi ne fansiyo. Wasu suka ce haraji ne ya sake riga, wasu suka ce riba ce. Nomau ya gaskata, har ya sallama wa ƙanensa Ado rabonsa na gonar Dogo. Sai bayan haka aka ganar da shi cewa da shekarun Bature za a yi lissafi, watau sai 1965, kuma duk wanda aka kora kafin lokacin ba shi da kome.

A 1954 ya ɗauko dattawa biyu daga Dogo su shaida cewa da wayonsa aka yi yunwa. Suna ƙofar biro, watau ofis, wani mushe, kamar yadda ake kiran ma'aikaci ɗan boko, ya raɗa masa cewa wanda ya ci aiki da ƙarya kora ce hukuncinsa. Ya saya musu goro, ya mai da su gida ba su buɗe baki ba.

Shekarun ɓoyo

Daga nan ya shiga ɓoyon tsufa kamar mai ɓoyon kayan sata. Kullum asuba Fatsuma na aske masa furfura, tana shafa masa baƙin tukunya a gira. Gaban ma'aikata yakan ce Zakari ƙanensa ne, ƙanensa Ado kuwa Nomau ya riƙa ce masa Yaya. Ado yakan amsa da cewa, “Yaro, ɗauko mini buta,” Nomau ya tashi ya ɗauko, mutane na dariya shi ba ya yi. Ya daina zama cikin sa'o'insa a ƙofar masallaci.

A 1956 yanar ido ta fara rufe masa gani. Sai ya koyi kanga kunne jikin turke. In ya ji waya na kuka ya san lafiya, in ta yi shiru ya hau da lalube. An ce ya kai ga rarrabe kukan waya mai ɗauke da labarin mutuwa da mai ɗauke da farashin gyaɗa, Allah Shi ne masani. Lokacin ƙuri'ar 1958 aka baza cewa Turawa za su tafi da asusun fansiyo.

Mulkin kai da rasuwarsa

Bayan samun mulkin kai a watan Agusta na 1960 aka naɗa sabon shugaban ma'aikatar waya, Mushe Habu, haifaffen Birni, wanda Nomau ne ya riƙe ragon sunansa. Bature bai iya karanta fuskar baƙin mutum ba, amma Habu ya iya. Ranar farko ya rusuna gaban jama'a ya ce, “Baba, har yanzu kai ke hawa?” Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, wane Baba? Ai ban kai ba.”

Habu ya yi niyyar mai da shi gadin ƙofa don tausayi, amma bai gaya masa ba, sai dai ya aika masa ya zo biro ranar Litinin. Nomau ya ɗauka kora ce. Ranar Asabar, cikin watan Fabrairu na 1961, da ya ji motar shugaba za ta bi hanyar Takieta, ya riga ta, ya hau turke mafi tsawo domin a gan shi a sama. An gan shi. Wajen saukowa ƙafarsa ta nemi mataki inda babu. Ya cika kafin la'asar, saura shekara huɗu.

An yi masa sutura a Birni, Mushe Habu na cikin masu ɗaukar makara. Ya bar matarsa Fatsuma da 'ya'ya uku: Zakari, wanda har yau biro ta sani a matsayin ƙanensa, da Wasila, da Ramlatu. Allah Ya jiƙansa. A zaman makoki maƙwabcinsa Idirisu, wanda shi ma ake yanke wa albashi, ya juya wajen shugaban ya ce, “Mushe, abin da aka yanke masa shekara tara, yana Yamai ne, ko ya bi Turawa?”