Ranar da Kakanni Suka Ƙirga Ƙauye

Akwai wani yini da na tabbata ko tsufa ba zai goge mini shi daga zuciya ba. Shekarar da na gama sakandare a Damagaram ce, ina zaune gida ba aikin fari balle na baƙi, sai aka ɗauke mu, ni da wasu 'yan ajinmu, mu taya ofishin magajin gari ƙidayar mutanen wasu ƙauyuka. Ni sai aka tura ni wani ɗan ƙauye a kan hanyar Gaffati, wanda gawo ya fi gidajensa yawa.

Ƙauyen ƙarami ne, amma yana da mai garinsa, kuma a nan tungayen kewaye ke kawo ƙararsu da harajinsu. Mai garin, dattijo mai sanyin murya, ya shimfiɗa mini tabarma ya faɗa mini damuwarsa. An ce idan mutanensa suka yi kaɗan, za a mayar da su ƙarƙashin ƙauyen da ke gaba da su, ƙauyen da kakansa ne ya bai wa kakanninsu wurin zama. Ya ce, "'Yata, ba na roƙon ki ƙara ko mutum ɗaya. Ki dai rubuta waɗanda Allah ya ba mu."

Na shiga gida gida. Ko'ina na tambayi uwa yaranta nawa, sai ta sunkuyar da kai ta lissafa mini, ina rubutawa. Amma da na fito bakin rijiya da azahar, sai kaina ya ɗaure. Yara ne birjik, suna tsalle kamar fari a gonar gero, ga 'yan mata da samari suna jan guga, alhali abin da ke hannuna bai kai su ba ko kusa. Na tambayi wata budurwa gidansu, ta nuna mini gidan da na fito yanzun nan, inda uwar ba ta ambace ta ba sam. Na koma na sake tambaya, matar ta ce ita fa ta gama faɗar nata, ta ci gaba da daka. Na tsaya sororo. Har na fara tunanin ko rana ce ta taɓa ni, ko kuwa yaran baƙi ne aka aro don a ruɗe ni.

Wata tsohuwa mai ɓarar gyaɗa a gindin gawo ce ta ga na rasa inda zan sa kaina. Da na ba ta labari, ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce ai 'ya'yan fari ne, wace uwa ce mai kunya za ta buɗe baki ta ƙirga ɗan farinta a gaban baƙuwa? Na san wannan kunyar a birni, amma ban taɓa zaton ta kai a tsallake mutum ɗungurungum ba.

Nan ta aika aka tattaro kakannin ƙauyen, su da babu kunya tsakaninsu da jikoki. Suka zauna suna nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta ce, "Rubuta wancan ragon, mijina ne, ko goro bai taɓa saya mini ba." Wata ta ce, "Ga kishiyata can mai hancin tulu, sa ta ita ma." Uwayen kuwa suna bayan danga, kowacce ta kau da kai, amma na lura ba wadda ta bar wurin sai da ta ji an kira nata.

Bayan wasu watanni na ji an bar wa ƙauyen mai garinsa. Ni dai tun ranar na koyi cewa ba duk wanda aka ƙi ambata ne aka manta da shi ba. Wani lokaci wanda baki ya kasa kira, shi ne ya fi cika zuciya.