Ranar da Mama ta turara mini lema

Shekarun baya, lokacin ina zaune a wani ɗan flat a unguwar Whalley Range, na kamu da son abin da danginmu kaf suka kira hauka, wato dirowa daga jirgin sama da lema. Ranakun aiki ina kantin magani, weekend kuma ina sama. Na yi lasisi, na sayi lema tawa ta kaina. Mahaifiyata da ke unguwar Sparkhill a Birmingham kuwa ko kallon jakar lemar ba ta yi. In na shigo da ita gidan sai ta kau da kai ta ce, "Mutum ya shiga jirgi lafiya lau, me ya yi zafi zai fito tun ba a sauka ba?"

Wani hutu ni da ƙawata da muke dirowa tare muka shirya zuwa tsibiran Canary. Za mu fara da tsibiri ɗaya, mu hau jirgin ruwa zuwa na biyu, a can in yi abin da na daɗe ina mafarki: a fito daga jirgi a saman teku, a sauka a kan yashin bakin ruwa. Daga Birmingham za mu tashi, don haka na sauka gidan Mama. Da la'asar ta aike ni Stratford Road sayo nama, na bar kayana a falo.

To, a harkar nan duk filin dirowar da ka je baƙunta sai an duba lasisinka da kayanka kafin a bar ka ka hau jirgi. A tsibiri na farko mai duba kayan ya ɗaga jakata, ya sunsuna, ya sake sunsunawa. Ya ce, "Gobara aka yi a gidanku?" Ni hancina ya saba, gidan Mama ko cokali ka ɗauka ƙamshin turaren wuta yake yi. Nan take na koma gefe na kira Mama.

Ta ce, "Eh, na turara miki kayan, har jakar. Kasko na sa, na kife kwando, na ɗora ta a kai. Ya za ki shiga cikin mutane kina warin roba kamar sabuwar taya?"

Jama'a, lema nailan ce. Zafi kaɗan ya isa ya raunana ta ba tare da ido ya gani ba, kuma ita ce tsakanina da ƙasa. Ni mai saurin fushi ce, kowa a gidanmu ya sani. Har na buɗe baki zan fara, sai na tuna wannan ne karo na farko da ta taɓa jakar nan da hannunta. Mama ba ta turara kayan wanda ba ta yarda da tafiyarsa ba. Na haɗiye maganar da ƙyar, na ce, "Na gode, Mama. Sai dai zafi yana lalata lema." Ta ce, "Innalillahi. Na cuce ki ko?" Na ce a'a, dubawa kawai za a yi.

Mutumin ya ce ba zan hau jirginsu da wannan jaka ba sai mai lasisin naɗe lema ya warware ta duka, har da lema ta biyu ta ko-ta-kwana, kuma mai wannan lasisin yana tsibiri na biyu. Ta haya ma babu daidai jikina, ni ɗin ba wani auki gare ni ba. Haka na zauna a benci ina kallon ƙawata tana saukowa tana dariya. Wallahi na ji haushi, har na yi ƙwalla a banɗaki.

Washegari muka hau jirgin ruwa. Ni da ke fita daga jirgin sama ko gezau, sai ga ni rungume da leda ina ta amai, tsofaffin Turawa suna miƙo mini ruwa suna ba ni haƙuri. Jakar dai ban sake ta ba.

Mai naɗe lemar wata dattijuwa ce marar yawan magana. Ta baza lemar a kan dogon tebur, ta bi ta ɗinki-ɗinki, igiya-igiya, tana ɗaga yadin a gaban fitila. Ina tsaye ina salati a zuci, don in ta ce ta lalace, tafiyar ta tashi a banza, kuma ban san da wane baki zan gaya wa Mama ba. Da yamma ta ɗago ta ce zafin bai kai ciki ba, hayaƙi ne kawai. Sannan ta tambaye ni a ina ake sayar da turaren.

Rana ɗaya ta rage mana, kuma iska ta kwanta. Da aka buɗe ƙofar jirgi na ga teku shuɗi ta ko'ina, tsibirin a ƙasa kamar faranti. Na yi bisimilla na fita. Da lokaci ya yi na ja igiyar buɗewa, lemar ta buɗe tas, ba ko tangarɗa. Na sauka a kan yashi da ƙafafuna biyu, ina dariya ina kuka, ƙawata tana bubbuga mini baya.

Ko kwance kayan ban yi ba na kira Sparkhill. Bugu ɗaya ta ɗauka, ba ko sallama, ta ce, "Ta buɗe?" Na ce, "Ta buɗe, Mama." Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ashe tun ranar da na kira ta azumi take yi. Ta ce, "To turo mini bidiyon in gani."

Yanzu in na tuna, ba dirowar ce ta fi faranta mini ba. Abin da nake gode wa Allah shi ne kama bakina da na yi a wayar nan, don da na fasa mata faɗa, da na sami tekun na rasa abin da ya fi shi. Mako guda da dawowata innata ta kira ni daga Kano tana mita, wai Mama ta hana kowa sakat da bidiyon nan, duk wanda ya ce hauka ne sai ta ce masa, "Ku bar mini 'yata. Jarumtar nan a nono ta sha."