Dutsen Niƙan Malam Ilu

Ku da kuka yi fiziks a hannun marigayi Malam Ilu, wa ya taɓa ganinsa ya shigo aji ba buhu a kafaɗa? Daga Zaitawa yake tuƙo tsohuwar besfarsa har jami'a, buhun nan na ƙara a baya: bokiti, igiyar guga, tayar keke, murfin tukunya. Matarsa Hajiya Gambo kan ce in ta nemi ludayi ta rasa, ta san ya tafi yin digiri.

Maganarsa ɗaya ce: "Kada ku yarda da ni, ku gani da idonku."

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka hau, aka yi mana alkawarin sababbin kayan gwaji. Muka ce, "Malam, ka kusa hutawa da buhu." Ya ce, "Allah ya kawo. Kafin su iso, kai, ɗebo min ruwa."

Ya cika bokiti ya shiga wulwula shi ta saman kansa, ko ɗigo bai zuba ba. Ana cikin haka shugaban sashe ya leƙo ya yi sallama. Malam kuwa ba ya amsa sallamar babba sai ya miƙa hannu biyu! Ya tsaya cak, bokiti na sama. Shaa! Daga hula har takalmi. Ya share fuska ya ce, "Wa alaikumus salam. Ku rubuta: in gudu ya tsaya, ruwa ya san hanyar ƙasa."

Ni a lokacin ina bakin kora. Na faɗi kwas ɗinsa sau ɗaya, in na sake sai dai in koma rumfar babana a kasuwa, bayan duk unguwa ta ji cewa Habun Alhaji Sabo yana jami'a. Laifina hadda. Yadda na haddace allo ina ƙarami, haka na haddace dokokin fiziks, amma da an juya tambaya sai in daskare.

Ran nan ya rataye dutsen niƙan Hajiya da igiya a ƙarfen rufin aji. Ya ce, "Habu, karanto mana dokar." Na zubo ta tiryan-tiryan: abin da aka saki yana lilo ba ya dawowa ya wuce inda ya taso. "Madalla, Alaramma. Jingina da bango." Ya jawo dutsen har kan hancina, ya saki. Da na ga ya juyo, wallahi ban san sanda na tsinci kaina a ƙarƙashin benci ba. Aji ya kece da dariya.

"Ka haddace, amma ba ka yarda ba," in ji shi. Ya tsaya a gurbina ya saki, dutsen ya zo gab da hancinsa ya koma, ko ƙyaftawa bai yi ba. Ya yi ta tsayar da ni har na daina rufe ido. Tun daga ranar, kafin in ɗauki biro sai na tambayi kaina me dutsen zai yi. Na ci jarrabawar.

Kayan gwajin sai bayan ya yi ritaya suka iso. Da ya rasu na je gaisuwa, Hajiya ta nuna min dutsen a tsakar gida ta ce, "Ɗauka, ɗan nan, dama ya fi zama a wurinku." Yau ni nake rataye wa ɗalibaina shi, kuma ban taɓa sakinsa ban ji kewar mutumin nan ba.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya haskaka kabarinsa. Ya koya mana gani da ido. Allah ya nuna masa abin da ya yi imani da shi bai gani ba. Amin.